Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna kan Wariya a Harkar Haya da Sayen Gida

Mai girma Kakakin Majalisa, masu girma 'yan majalisa, assalamu alaikum, barkanku da aiki.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wata tambaya da ake yi wa mutane kullum a birnin nan namu, tambayar da ba a rubuta ta a kowace takarda ba, amma ita ce take yanke hukuncin inda talaka zai kwana. Mutum zai je wurin dillali neman ɗaki da kuɗinsa a hannu, kafin a tambaye shi sana'arsa ko yadda zai riƙa biya, sai a fara da sunansa. Idan sunan bai fayyace shi ba, domin Yakubu da Dauda da Ishaku da Maryamu sunaye ne da ake sawa a gidajen Musulmi da na Kirista, sai a tambaye shi garinsu. Idan garin ma bai raba gardama ba, sai a daina kwana-kwana a ce masa: masallaci kake zuwa ko coci? Amsar da ya bayar ita za ta sa a miƙa masa makulli ko a ce masa an riga an kama ɗakin. Abin da nake roƙonku shi ne ku yi dokar da za ta hana wannan, kuma zan yi ƙoƙarin nuna muku cewa a hannunku gyaran yake, ba a hannun Abuja ba.

A Kakuri aka haife ni, a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya a tsakar gida. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne, cikin dubban mutanen da masaƙun Kaduna suka tara daga ko'ina tun bayan da aka buɗe ta farko a 1957, zamanin Sardauna. A gidan nan akwai mutumin Kagoro, akwai Tibi, akwai Bayarabe ɗan Offa, akwai Ibo mai gyaran rediyo, akwai mu. Ba zan ce ba a faɗa ba, ana yi sosai, amma na tuna abin da ake faɗa a kansa: wace ce ta tsallake ranar shararta, da kuma wane ne ya ƙara ƙwan fitila a ɗakinsa bai faɗa ba, tunda bisa yawan ƙwan fitila ake raba kuɗin wuta a ƙarshen wata. Mai gidan tsoho ne da yake zuwa a kan keke da littafinsa, kuma abin da ya dame shi game da kowane ɗan haya shi ne ko an yi albashi.

A Fabrairun 2000, da rikicin addini ya ɓarke a Kaduna, wannan zama ya watse. Bayan ƙura ta ɗan lafa, mahaifina ya ɗauko a-kori-kura muka loda gado da katifu da kwanukan mahaifiyata, muka nufi arewacin gari. A kan gada muka riƙa cin karo da wasu motocin irin tamu, da kaya irin namu, suna nufar inda muka baro. Wani aminin mahaifina da ya kwashe shekaru yana tara bulo har ya gina gidansa, a cikin mako guda ya sayar da shi a kan abin da bai kai kuɗin filin ba, wasu kuma musayar gida suka yi da waɗanda ke gudowa daga ɗaya ɓangaren, kowa ya karɓi abin da ya samu. Rikicin Mayun wannan shekarar, da na Nuwamban 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011, kowanne ya ƙarasa abin da na gabansa ya bari. Yau yaro ƙarami ya san cewa Rigasa da Tudun Wada da Unguwar Sanusi na wasu ne, Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi na wasu ne, har gefe ɗaya na kogin Kaduna ana kiransa Makka, ɗaya gefen Urushalima.

Wannan tarihi duk kun san shi, wasunku sun fi ni saninsa. Abin da nake so ku duba shi ne abin da yake riƙe da wannan rabuwa a yanzu. An daɗe ba a ga irin tashin hankalin 2000 a cikin birnin Kaduna ba, shugabannin addinai sun sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya tun Agustan 2002, jiha ta kafa Hukumar Zaman Lafiya a 2017, mutane suna haɗuwa a Kasuwar Sheikh Gumi da ofisoshi da asibitoci suna ciniki suna raha. Amma da yamma ta yi, kowa sai ya kama hanyar gefensa, kuma wanda ya so ya karya wannan al'ada ya zauna kusa da wurin aikinsa, ba wuƙa ko fetur ne suke tare shi ba yanzu, dillali ne da mai gida, cikin murmushi da ban haƙuri. Katangar da tarzoma ta gina, kasuwar haya ce take yi mata yaɓe duk shekara.

Ni malamin makaranta ne, kuma na ga wannan da idona. An turo mana wani matashin malamin lissafi, mutumin kudancin jihar nan, yana zaune wurin yayarsa a can bayan Sabon Tasha. Mota uku yake hawa kafin ya iso makaranta, kuma bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya fara cinye kusan rabin abin da yake samu. Ya roƙe ni in taya shi neman ɗaki kusa. Muka samu ciki da falo mai ƙofarsa daban da banɗakinsa a ciki, aka yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, dillali ya karɓi kuɗin ganin gida. Da muka je gaida mai gidan, dattijo ne mai fara'a, ya sa aka kawo mana ruwa, hira ta yi daɗi, har ya nuna wa yaron masallacin da ke bakin layi ya ce ga inda za su riƙa haɗuwa da asuba. Yaron, cikin ladabi, ya ce shi coci yake zuwa. Dattijon bai canza fuska ba, ya ce ai babu komai, duk ɗaya ne. Washegari dillali ya kira ni ya ce ƙanen mai gida zai yi aure, shi za a ba wa ɗakin. An mayar da kafin alƙalami, ba a mayar da kuɗin gani ba. Bayan mako uku na wuce ta layin, na tarar da dillalin nan yana nuna wa wani ɗakin. A ƙarshen zangon karatu malamin ya nemi canjin wurin aiki, ɗalibanmu na ajin ƙarshe suka shiga jarrabawa babu malamin lissafi. Ɗan yayana kuma, da ya samu aiki a wani kamfani a yankin Kakuri, unguwar da kakansa ya yi shekara ashirin a cikinta, irin wannan amsar aka yi ta ba shi a can, sai dai shi ba a ma kai ga ba shi ruwa ba, sunansa kaɗai ya isa.

Addini ba shi kaɗai ba ne ƙofar da ake rufewa. Ƙanwata mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, tana da shagon ɗinki da yake riƙe da ita, kuma kuɗin shekara cif yana hannunta. Gida bakwai ta nema, tambayar ɗaya ce: ina mijinki? Wani ya ce mata shi ba ya ba mace haya don kada gidansa ya zama matattarar maza, ya faɗi haka a gaban ɗanta mai shekara goma sha biyu. Daga ƙarshe ni na je na tsaya a matsayin mai kama gidan, aka rubuta yarjejeniya da sunana, ita ta biya. Yanzu shekara huɗu ke nan tana biya da guminta, amma duk rasit sunana ke kai, kuma idan yau na faɗi na mutu ko muka sami saɓani, ba ta da wata takarda da za ta nuna wa alƙali cewa ita ce 'yar haya. A garin da mutuwar aure da rashin miji suka yi yawa irin namu, ku ƙiyasta yawan matan da suke zaune a kan aron sunan wani namiji, da yawan waɗanda ba su da namijin da zai ara musu.

Haka ake yi wa mai yara da yawa, haka ake yi wa gurgu da makaho, duk da cewa dokar tarayya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Haka kuma ake yi wa waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Kajuru da Chikun, musamman idan aka ga kamar Fulani ne, mutumin da ya tsere wa mugunta ya zo ya tarar ana yi masa kallon shi ne mugun. A nan dole in yi wa masu gidaje adalci, domin tsoronsu yana da tushe: an sha kama masu kai wa 'yan bindiga rahoto a cikin gari, kuma babu mai son a ce a gidansa aka kama su. Amma maganin wannan tsoro shi ne tantancewa, a nemi lambar shaidar ɗan ƙasa, a nemi mai tsaya wa mutum, a san sana'arsa, kuma a yi wa kowa haka ba tare da duba tsawon hancinsa ba. Wanda ya dogara da ƙabila wajen gane ɓarawo, zai kori mutumin kirki ya ba ɓarawon da ya iya sa babbar riga makulli.

A wajen saye kuwa abin ya fi muni, domin a nan ba mai gida kaɗai ke magana ba, unguwa ce gaba ɗaya. Mutum zai so sayar da gidansa ga wanda ya fi ba shi kuɗi, sai maƙwabta su yi masa ca, a aiko masa da dattawa, a ce ba a yarda ya kawo musu bare ba. Wani lokaci mai unguwa ya ƙi sa hannu a takardar ciniki, ba don akwai rikici a kan filin ba, sai don ya ji sunan mai saye. Ƙarshenta mai gida ya sayar wa na gida a kan farashin da na gida ya ga dama, ya yi asara, shi kuma mai saye na farko ya koma gefensa ya sayi abin da bai kai wannan ba da tsada. Wasu sukan sayi gida da sunan abokinsu na ɗaya addinin, amanar da takan riƙe muddin su biyun suna raye, ta zama shari'ar gado da zarar ɗaya ya kwanta dama. Na ji masu kafa hujja da haƙƙin shufa'a, wai maƙwabci ya fi kowa cancantar saye. Malamanmu na Malikiyya sun san cewa a mazhabarmu shufa'a ta abokin tarayya ce a dukiyar da ba a raba ba, maƙwabtaka kaɗai ba ta ba da ita. Abin da addini ya ɗora mana game da maƙwabci shi ne kyautata masa, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, kuma malamai sun bayyana cewa maƙwabcin da ba Musulmi ba yana cikin wannan wasiyya.

Ranku ya daɗe, a nan ne doka ta bar giɓi. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 43 ya ba shi 'yancin mallakar gida ko fili a ko'ina, sashe na 42 kuma ya hana a tauye shi saboda ƙabilarsa ko garinsu ko jinsinsa ko addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Sai dai duk wanda ya karanta sashe na 42 da kyau zai ga cewa a kan dokoki da ayyukan gwamnati yake magana, wato ya ɗaure hannun hukuma ne, bai ambaci mai gida da dillali ba. Sashe na 15 da ya ce wajibi ne gwamnati ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a kowane yanki, da sashe na 16 da ya yi maganar samar da matsuguni mai kyau, suna cikin babi na biyu ne, wanda tsarin mulkin da kansa ya ce ba a kai ƙara kotu a kansa. Saboda haka malamin lissafin nan da aka hana ɗaki yana da 'yanci a rubuce, amma ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Alaƙar mai gida da ɗan haya kuwa lamari ne na jihohi, shi ya sa Legas ta yi tata dokar haya a 2011 ba ta jira kowa ba, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamnanta. Ku talatin da huɗu da ke zama a Lugard Hall kuna da ikon cike wannan giɓi.

Akwai waɗanda suka riga mu shiga wannan matsala, kuma akwai abin ɗauka a wurinsu. Amurka ta yi dokar hana wariya a harkar gidaje a Afrilun 1968, mako guda bayan kashe Martin Luther King, bayan shekaru da dama ana hana baƙaƙen fata haya da saye a unguwannin fararen fata. Abu biyu ne suka ja hankalina a tsarinsu. Na farko, sun ware ƙaramin gidan da mai shi yake zaune a ciki, wanda bai wuce sashe huɗu ba, suka sassauta masa. Na biyu, da yake mai nuna wariya ba ya faɗa da bakinsa, sai ƙungiyoyi suka riƙa tura mutum biyu masu kuɗi ɗaya da buƙata ɗaya, fari da baƙi, su nemi gida ɗaya, idan aka ce wa ɗaya babu aka ce wa ɗaya akwai, hujja ta samu, kuma Kotun Ƙolinsu ta amince a 1982 cewa wanda aka yi wa ƙarya a irin wannan gwaji yana da damar kai ƙara. Afirka ta Kudu, wadda ta fi kowa sanin ɗacin raba unguwanni, ta yi dokar gidajen haya a 1999, ta haramta wariya tun daga tallar gida har zuwa ba da shi, ta kuma tanadi kotunan haya na musamman a larduna, inda ɗan haya zai kai kuka ba sai ya ɗauki lauya ba.

Wannan sassauci na gidan da mai shi ke ciki ya dace da mu ƙwarai, kuma ina so ku riƙe shi da kyau, domin shi ne zai raba dokar da mutane za su karɓa da wadda za su yi wa tawaye. Gidajenmu da yawa zaure ɗaya ne, tsakar gida ɗaya, madafa ɗaya, banɗaki ɗaya, ga matan aure a ciki. Magidancin da ya ware ɗaki ɗaya a irin wannan gida yana da haƙƙin zaɓen wanda zai shigo masa cikin iyali, kuma ba na neman doka ta tilasta masa sa gwauro a tsakiyar matansa, ko ta tilasta wa wata dattijuwa a Narayi ta raba madafa da wanda ba ta natsu da shi ba. Amma wanda ya gina gidaje goma ko ashirin don kasuwanci, kowanne da ƙofarsa da mitarsa, shi kuma yana can wata unguwa ko wani gari, wannan ɗan kasuwa ne kamar mai shago da mai motar haya. Ba mu yarda direba ya tambayi fasinja addininsa kafin ya ɗauke shi ba, ban ga dalilin da zai sa mu yarda wa mai gidajen haya ba. Yana da damar sa sharuɗɗa a kan ɗabi'a, ya ce ba a sayar da giya a gidansa, ba a kiɗa bayan ƙarfe goma, ba a mai da falo wurin ibadar jama'a, kuma duk wanda ya karya a ɗauki mataki a kansa. Sharaɗi a kan abin da mutum zai aikata daban, hukunci a kan abin da aka haife shi a ciki daban.

Dillalai su ne mabuɗin wannan al'amari, domin ta bakinsu ake tace mutane tun kafin su ga mai gida. Yau duk wanda ya mallaki waya da benci a bakin titi ya zama dillali, ba rajista, ba lamba, ba wanda zai kama idan ya ci kuɗin gani ya ɓace. Legas ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, mu ma muna da hukumar KADGIS da ta riga ta san kan filaye da takardunsu. A wajabta wa kowane dillali rajista da lambar da zai riƙa sawa a rasit, a ƙayyade la'adarsa, a haramta tallar gida da ke cewa Musulmi kaɗai ko Kirista kaɗai ko ban da mace mara aure, irin tallar da ke yawo a WhatsApp da Facebook ba kunya ba tsoro. Dillalin da aka kama sau biyu yana tace mutane da addini ko ƙabila a soke rajistarsa. Dillalai na gari, kuma suna da yawa, za su fi kowa amfana, domin za su sami abin faɗa wa mai gidan da ya ba su irin wannan umarni: doka ta hana ni.

Ba zan rufe batun dillalai ba sai na taɓo kuɗin shiga gida, domin shi ma wata wariya ce, ta talauci. A ɗauka hayar gida naira dubu 300 ce a shekara. Za a ce a biya shekara cif, wani ma ya ce biyu, a ɗora kashi goma cikin ɗari na dillali, a ɗora wani kashi goman na rubuta yarjejeniya, ga kuɗin ajiya na ɓarnar da ba a riga an yi ba, wanda da wuya a ga an mayar. Kafin a kai ga kuɗin ajiyar ma an kai dubu 360, fiye da albashin wata biyar na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024. Dokar Legas ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma wajabta ba da rasit. Ghana dokar hayarta ta tsayar da kuɗin gaba a wata shida, amma duk wanda ke da dangi a zangon Accra ko Kumasi ya san ana karɓar na shekara biyu, saboda doka ce da aka rubuta aka bar ta ba mai tsaronta. Darasin a bayyane yake: kada ku ba mu doka sai kun haɗa ta da wurin kai kuka mai sauƙi, kotun haya ko teburin sulhu a kowace ƙaramar hukuma ta cikin birni, mai sauraron ƙara da Hausa da Turanci, mai yanke hukunci cikin makonni, wadda kuɗin shigar da ƙara a cikinta bai fi ƙarfin mai sayar da ƙosai ba.

Wannan wuri zai amfani masu gidaje kamar yadda zai amfani 'yan haya. Ƙa'idar da aka sani a dokokin ƙasar nan, kamar na Abuja da Legas, ita ce idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata a ba shi notis na wata ɗaya, mai biyan shekara a ba shi na wata shida, sannan a ƙara masa na kwana bakwai, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. Abin da muke gani a unguwanni shi ne cire ƙofa, da yaye kwanon rufi ana tsakiyar damina, da yanke wuta, da garƙame ɗaki da kwaɗo mutum yana wurin aiki. Wannan zalunci ne, kuma ya kamata a hukunta shi. Amma na san tsofaffin ma'aikata da suka zuba kuɗin sallamarsu a ginin ɗakuna huɗu don su ci abinci da su, ɗan haya ya shekara biyu bai biya ba, shari'a tana ta ɗaguwa. Irin wannan mai gida ne yake komawa ya ce daga yau ba zai ba kowa ba sai ɗan garinsu ko ɗan cocinsu, wanda zai iya kai ƙararsa wurin liman ko fasto. Jinkirin kotu yana ciyar da wariya, domin wanda bai amince hukuma za ta ƙwato masa haƙƙinsa ba, dangi da addini zai mayar jingina.

Na san abin da wasu za su ce, cewa doka ba ta sa ƙauna, kuma ko an buɗe ƙofa mutane ba za su tsallaka kogi ba, domin wanda ya taɓa gudu da yara a kafaɗa ba zai sake kai kansa inda za a ritsa da shi ba. Gaskiya ne, mahaifiyata har ta rasu ba ta ƙara kwana a Kakuri ba, kuma ba na neman a tilasta wa kowa komawa ko'ina. Amma akwai waɗanda suke so, matasan da aka haifa bayan 2000, ma'aikatan jinya da ke aikin dare, malamai, 'yan kasuwa, kuma unguwa irin Barnawa shaida ce cewa zaman cakuɗe bai gagara ba a garin nan. Waɗannan kaɗan ɗin su ne ya kamata doka ta tsaya musu. Unguwar da kowa a cikinta iri ɗaya ne ita ce jita-jita ta fi saurin ci, domin babu wanda zai leƙa ta katanga ya ga cewa mutumin da ake zagi yana can yana wanke wa 'yarsa kayan makaranta. Kuma kada mu manta cewa raba mazauni ba daga kakanninmu muka gaje shi a wannan birni ba. Turawan mulkin mallaka da suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, a ƙasar da Gbagyi ke zaune, su ne suka tsara gari gida-gida, unguwar Turawa daban da fili fetal a tsakaninta da ta baƙaƙe, Sabon Gari daban, Tudun Wada daban. Ma'aikatan jirgin ƙasa da na masaƙa da sojoji suka rushe wannan tsari da zamansu tare, mu kuma muka sake gina shi da hannunmu. Gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta shelanta cewa ta soke bambanci tsakanin ɗan asali da baƙo a jihar nan, amma shelar ba ta isa bencin dillali ba.

Gwamnati ma tana da nata rabon kai tsaye. Duk rukunin gidajen da aka gina da kuɗin jama'a ko a kan filin da jiha ta bayar, a sa sharaɗi a rubuce cewa za a raba shi a fili, a buga sunayen waɗanda suka samu, kuma kamfanin da aka kama yana tace masu saye a karɓe filin. Masu unguwanni da dagatai da hakimai, waɗanda muke girmamawa kuma muka san amfaninsu wajen tabbatar da asalin fili, a bayyana musu a doka cewa sa hannunsu shaida ce a kan mallaka da iyaka, ba izinin shiga unguwa ba ne.

Abin da nake roƙo a matakin farko bai fi ƙarfinku ba. Kwamitinku mai kula da filaye da gidaje ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, kuma kada a yi shi a otal a gayyaci masu manyan riguna kaɗai. A yi zama biyu, ɗaya a Rigasa ko Kawo, ɗaya a Sabon Tasha ko Kakuri, a ranar da ma'aikata za su iya zuwa, a ba zawarawa da matan da mazansu suka rasu lokaci nasu na daban don su iya magana, a kira dillalai da masu gidaje da limamai da fastoci da ƙungiyar lauyoyi, a bar kowa ya faɗi abin da ya gani da harshen da ya fi iyawa. Idan kun sa rana, zan zo da ƙanwata, da rasit ɗinta na shekara huɗu masu ɗauke da sunana, ku gani da idonku.

Allah ya yi muku jagora, ya ba jiharmu lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta, haifaffen Kakuri, mazaunin arewacin Kaduna.